ƘANJAMAU: Cutar da ke cin gona kafin ta ci mai gona

 

Akwai wata magana da ba a son yin ta a bainar jama'a a ƙasar Rano da Kibiya, sai dai a yi ta da raɗa a bakin kasuwa, ko a wajen zaman makoki bayan an shafa fatiha. Idan magidanci ya dawo daga kudu ya kwanta, ya yi ta ramewa, ga tari ga gudawa wata da watanni, sai a ce shawara ce, ko taifot, ko kuma sammu aka yi masa. Kowa ya san abin da yake zargi a zuciyarsa, amma ba mai kama suna. A haka za a yi ta rufa-rufa har a kai shi makwancinsa, a dawo a ci gaba da harkoki, alhali kuwa an bar wuta tana ci a ƙarƙashin toka. Sunan wannan abu ƙanjamau, cutar da ke karya garkuwar jikin ɗan Adam. Kuma lokaci ya yi da matasan Musulmi za su kira ta da sunanta, domin ɓarnar da shirun ke yi ta fi ta cutar kanta.

YADDA GIDA KE RUSHEWA

Duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa arzikin talaka ƙarfinsa ne. Ko da yake madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, tana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, mafi yawan manoman tudu a Rano da Kibiya da ruwan sama suka dogara. Da an gama girbin dawa da gyaɗa da wake, sai samari su ɗaure 'yan kayansu su nufi ci-rani: wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja, ana dako, ana ga-ruwa, ana gadi, ana yankan farce. Wata biyar ko shida mutum ba iyali, ba malami, ba mai ce masa bari. Da yawa Allah na tsare su, su dawo da mutuncinsu da 'yan kuɗin taki. Wasu kuwa sukan dawo da tsarabar da su kansu ba su san suna ɗauke da ita ba, saboda ƙwayar wannan cuta tana iya shekaru a jikin mutum yana tafe garau, yana noma, yana aure.

A ɗauki misalin magidanci mai mata biyu da 'ya'ya takwas, a wani ƙauye tsakanin Tarai da Rurum. Ranar da ciwo ya kayar da shi, ba shi kaɗai ya faɗi ba. Damina ba ta jiran majinyaci. Wanda zai yi huɗa yana kwance, wadda za ta kai abinci gona tana jinya, ciyawa ta cinye shuka kafin a yi maimai. A shekarar farko za a sayar da akuyoyi a kai wa mai magani. A ta biyu a sayar da shanun huɗa, a kai wa wani wanda aka ce ya fi na farko. A ta uku a jinginar da gona, wadda galibi ba ta dawowa. Kafin mai gida ya cika, rumbu ya riga shi mutuwa. Wannan shi ne ma'anar cewa tana cin gona kafin ta ci mai gona.

Daga nan sai a shiga babi na biyu. Babban ɗa ya bar makaranta, boko da Islamiyya duka, ya kama hanyar da ubansa ya bi. 'Yan mata a ɗora musu talla, ko a kai su aikatau birnin Kano gidan wanda ba a sani ba. Ƙanana a raba wa dangi, waɗanda su ma da ƙyar suke ci sau biyu, ko a tura su bara da sunan karatu. Matan kuwa, da sun fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sai maneman aure su fito, domin bazawara ba ta da abin dogaro sai wani auren. Ba wanda ya ce a yi gwaji, saboda ba wanda ya faɗi abin da ya kashe mijin. Sai kowacce ta shiga sabon gida mai kishiyoyi. In aka haɗa wannan da auri-saki da ya yi wa al'umma katutu, sai a ga yadda cutar da ta shigo ta ƙofa ɗaya ke iya zaga gidaje huɗu ko biyar, ba tare da ko mutum ɗaya a cikinsu ya kusanci alfasha ba.

ABIN DA ALƘALUMMA SUKA NUNA

A 1981 aka fara bayyana wannan cuta a Amurka, a 1986 kuma hukumomin Nijeriya suka amsa cewa ta iso. Gwajin da ake yi wa masu juna biyu a asibitoci ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya haura zuwa kashi 5.8 a 2001. Babban binciken gida-gida da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, aka kuma ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a ƙasar nan. A shiyyar Arewa maso Yamma kashi 0.6 aka samu.

To, kada wani ya ji wannan ya ce ai abin kaɗan ne. Kashi 0.6 na nufin mutum 6 cikin kowane 1,000. Ke nan a taron manya dubu goma, kamar na babbar kasuwa ranar cinta, ana maganar mutum sittin, kuma bayan kowane ɗaya akwai gida, akwai gona, akwai bakunan da yake ciyarwa. Wani abin lura shi ne, binciken ya nuna mata sun ninka maza: kashi 1.9 a mata, 0.9 a maza. Masu saurin zargin mata sai su tsaya su yi tunani, a ina matar da ke cikin kulle ta samo ta?

Wanda ke son ganin ƙarshen sakaci sai ya dubi kudancin Afirka. A Zimbabuwe da Botsuwana tsawon ran da ake sa wa ɗan ƙasa ya ragu da fiye da shekara goma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. A Zambiya, rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna malaman makaranta kimanin 1,300 ne suka mutu a wata goma na farkon 1998. Sauran annoba sukan fi ɗibar jarirai da tsofaffi. Ita wannan majiya ƙarfi take zaɓa, ta bar kaka da jikoki. Daga farkonta zuwa yau ta kashe sama da mutum miliyan 40 a duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da ita suna Afirka kudu da Sahara ne.

WA YA SHARE MATA HANYA?

Tambaya a nan ita ce, me ya sa cuta ɗaya, ƙwaya ɗaya, amma ta zama ciwon da ake rayuwa da shi a London, ta zama kabari a Kibiya? Amsar tana cikin tsarin zalunci da ke juya duniya.

A shekarar da aka amsa shigowar cutar, wato 1986, a ita ce gwamnatin Babangida ta rungumi shirin tsuke bakin aljihu na SAP, bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Lamuni na IMF. Naira ta faɗi, magani ya yi tsada, asibitocin gwamnati suka koma wuraren rubuta takarda, majinyaci ya sayi komai da kansa har safar hannu da sirinji. Talauci ya ƙara kora samari ci-rani, ya kora wasu mata abin da ba sa so. Ashe a daidai lokacin da ɓarawo ya shigo gari, a lokacin ne aka rushe ganuwa.

A 1996 likitoci suka sanar da haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar. Nan take mace-mace suka ragu a Turai da Amurka. Amma kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya kai Dala 10,000 ko fiye, kuma dokokin mallakar fasaha na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka tsare wa manyan kamfanoni kasuwarsu. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar neman magani mai rahusa, sai kamfanonin magani 39 suka maka ta a kotu, ba su janye ba sai a watan Afrilun 2001, bayan duniya ta yi musu ca. A wannan shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin a kan Dala 350 a shekara, ƙasa da Dala ɗaya a rana. Asiri ya tonu: ashe tsadar ba ta haɗa magani ba ce, ta riba ce. Tsakanin 1996 da lokacin da maganin ya fara isa ga talakan Afirka, miliyoyi sun mutu da ciwon da maganinsa ke jibge a kanti. In wannan ba zalunci ba ne, mene ne sunansa?

Amma kada a tsaya ga na nesa a manta da na gida. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja a kan wannan cuta, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Nijeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari a kasafin tarayya ba, galibi ko rabinsa ba ta kaiwa. Mahukunta in kansu ya yi ciwo sai su hau jirgi. Gaskiya ne a 2002 gwamnati ta fara ba da maganin da rangwame, daga 2006 kuma ya zama kyauta, amma mafi yawan kuɗin daga waje yake zuwa: daga Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, da kuma shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, na 2003.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da tuwon maƙwabci ranar da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana. A watan Janairun 2025 Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje da sa hannu ɗaya, daga baya aka rushe hukumar USAID. Hankalin masu shan magani ya tashi a duk faɗin Afirka. Sai a lokacin gwamnatin tarayya ta yi ta-maza ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magani. Ƙasa mai arzikin man fetur, amma ran bazawara a Rano yana rataye da alƙalamin wani mutum a Washington! Wane irin 'yanci ne wannan?

Ko a yau da ake cewa magani kyauta ne, kuɗin mota ba kyauta ba ne. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa karɓar magani ya zama aiki. Ga shi kuma tsoron idon sani na sa wasu su tsallake asibitin kusa su tafi har Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Zana a birni. Ranar da babu kuɗin mota sai a fasa, kuma maganin nan in ana sha ana tsallakewa, ƙwayar cutar takan saba da shi ya daina yi mata aiki.

ZARGI DABAN, MUSUN GASKIYA DABAN

Akwai 'yan'uwa da ke cewa ai babu wata ƙanjamau, farfagandar Turawa ce kawai. Ba shakka mutanen Kano suna da dalilin yin ɗari-ɗari. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200, inda 11 suka mutu, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai sanin makircin azzalumi ba ya nufin a musanta abin da ido ke gani. Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya yi ta jayayya a kan asalin cutar, gwamnatinsa ta yi jinkirin ba da magani, daga baya masu bincike na Jami'ar Harvard suka ƙiyasta cewa wannan jinkiri ya jawo asarar rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Yahya Jammeh na Gambiya ya ce a 2007 yana warkar da ita da haɗin ganyaye, aka sa mutane suka ajiye maganinsu, wasu suka mutu. Har yau ba a samu maganin da ke fitar da ita daga jiki wanda za a ba jama'a ba. Duk mai lasifika a kasuwa da ya ce yana da shi, ko da ya haɗa da ambaton Allah, kuɗin gonar marayu yake nema. Addu'a makamin mumini ce, amma neman magani ma umurnin addini ne, ba su kishiyantar juna.

Abin da yake tabbas shi ne, wanda ya riƙe maganin asibiti kullum yana iya rayuwarsa kamar kowa, ya yi noma, ya ga jikokinsa. In maganin ya danne ƙwayar har gwaji ya daina ganin ta, ba ya sa wa matarsa. Mai juna biyu da ba ta shan magani, cikin ɗari 15 zuwa 45 sukan sa wa jariransu, amma da magani abin kan sauko ƙasa da 5. Ashe yau ba cutar ce ke kisa ita kaɗai ba. Jahilci da kunya da rashin kuɗin mota ne ke taya ta.

ƘYAMA BA TAƘAWA BA CE

A nan ne ya kamata matashi mai kishin addini ya binciki kansa. Sau nawa ake jin mai wa'azi ya ce wannan cuta ta mazinata ce, ya yi shiru a nan? Haƙiƙa zina babbar hanya ce, kuma da an tsaya a kan iyakokin Allah da an toshe ƙofa mafi girma. Wannan ba abin jayayya ba ne, kuma shi ne garkuwar farko ga kowane saurayi. Amma jaririn da aka haifa da ita, wace zina ya yi? Amaryar da aka kai ɗakin mai ita tana 'yar shekara goma sha bakwai fa? Wanda aka ƙara wa jinin da ba a tantance ba, ko aka yi masa allura da sirinjin da aka yi wa wani? Shari'ar da ta haramta zina ita ce ta sanya bulala tamanin a kan mai jifan kamammu da ita ba tare da shaidu huɗu ba. Takardar asibiti ba shaidu huɗu ba ce. Wanda ma ya yi saɓon, ƙofar tuba a buɗe take, kuma haƙƙinsa na majinyaci bai faɗi ba.

Cutar nan ba a ɗaukar ta ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko buta, ko tsayuwa a sahu, ko cizon sauro. To, da wace hujja ake ware wa mutum ƙoƙo, a daina sayen ƙosan matarsa, a hana 'ya'yansa wasa da yara? Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu ita wariya, amma Musulmi bai kamata ya jira doka ta koya masa jin ƙai ba. Kuma a sani, ƙyamar ce ke sa mutum ya ɓoye, ɓoyewar ce ke yaɗa cutar. Mai tsangwama, ko bai sani ba, ɗan aikin ƙanjamau ne.

AIKIN DA KE GABAN 'YAN'UWA

Na farko, kowane ɗan'uwa ya fara da kansa: ya tsare farjinsa, ya je a gwada shi, musamman wanda ke zuwa ci-rani, kafin ya koma ga iyalinsa. Gwajin ɗigon jini ne, 'yan mintuna. Mai da'awar tsayawa gaban azzalumi bai kamata ya ji tsoron tsinken allura ba.

Na biyu, gwaji kafin aure. Hukumar Hisba tana yin sa a auren zawarawa tun 2012, kuma a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta shi a Jihar Kano. Amma doka a takarda ba ta ɗaura aure a Durba ko Zurgu. Limamai da waliyyai ne ke ɗaurawa. Sai 'yan'uwa su bi su da ladabi su fahimtar da su, kuma a gwada bazawara da mai ƙarin aure kamar yadda ake gwada saurayi da budurwa. Duk wanda ya san yana da ita ya ɓoye, ko ya sayi takardar bogi, ya ci amana, kuma zai tsaya gaban Allah da haƙƙin rai a wuyansa.

Na uku, a zauna da wanzamai da ungozomomi da masu yankan farce: aska ɗaya, mutum ɗaya, ko sabuwar reza, ko a tafasa kayan aiki. A kuma bar mata su je awon ciki.

Na huɗu, wanda shi ne zuciyar wannan magana, a ceci gona. Aikin gayya gadon kakanni ne. Samari ashirin da fartanya za su iya nome gonar majinyaci ko ta marayu kafin azahar. Kowace da'ira ta yi ɗan asusu na kuɗin motar masu karɓar magani, a riƙe shi da sirri, ba tare da shela ba. Zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka a fara duba irin waɗannan gidaje, kuma a tsaya tsayin daka kada dangi su cinye gadon marayu. Yaron da aka cire daga makaranta a mayar da shi.

Na biyar, kada a daina faɗa wa mahukunta gaskiya. Lafiyar talaka haƙƙi ce, ba alfarma ba, kuma al'ummar da ba ta iya sayen maganin marasa lafiyarta ba ta gama fita daga bauta ba.

Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bai tara jama'a da wa'azi kaɗai ba. Raunana sun bi shi ne domin sun ga wanda ya damu da halin da suke ciki. Gwagwarmayar da ta iya cika titi da kabbara, amma ta kasa nome gonar bazawara a ƙasar Autan Bawo, da sauran aiki a gabanta. Damina na tafe, kuma akwai gonakin da ba mai shiga. Sai a ga wa zai fara saɓa fartanya.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya marayu, Ya kuma kawo ƙarshen zalunci a bayan ƙasa.